Kasafin manyan ayyuka: abin da aka rubuta da abin da aka gina

Ranar 28 ga Fabrairun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan kasafin naira tiriliyan 54.99, mafi girma da Najeriya ta taɓa yi zuwa wannan lokacin. A ranar da ya sa hannun, ba a gama da kasafin 2024 ba. Majalisun tarayya sun riga sun ƙara wa ɓangaren manyan ayyukansa wa'adi zuwa ƙarshen Yuni, da Yunin ya zo suka sake ƙarawa zuwa ƙarshen Disamba. Kafin shekarar ta fita, 'yan kwangilar cikin gida sun yi ta zanga-zanga a Abuja suna neman a biya su kuɗin ayyukan da suka ce sun gama tun a ƙarƙashin kasafin 2024. Wato gwamnati ɗaya tana tafiyar da kasafi biyu a shekara ɗaya, ga kuma bashin aikin da aka riga aka yi a wuyanta.

Duk wanda yake son ya gane dalilin da ya sa titin garinsu ke fitowa a kasafi kowace shekara amma har yau ƙura yake sha, daga nan ya kamata ya fara. Adadin da aka rubuta a gaban sunan aiki izini ne na kashe kuɗi idan an samu kuɗin. Ba kuɗin ba ne.

Kuma manyan ayyuka su ne na ƙarshe a layi. Idan kuɗin shiga ya shigo asusun gwamnati, akwai waɗanda ba a yi musu jinkiri. Masu bin bashi suna kan gaba, domin ranar da ƙasa ta kasa biyan kuɗin ruwa, ranar ƙofar rance ta rufe mata. Sai hukumomin da doka ta ce a cire musu nasu kai tsaye, irin su majalisun tarayya, ɓangaren shari'a da hukumar zaɓe. Sai albashi da fansho, waɗanda jinkirin mako biyu a kansu ya isa ya jawo yajin aiki. Sai kuɗin gudanar da ofisoshi. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne rabon titi da gada da asibiti da madatsar ruwa. Titi ba ya yajin aiki, saboda haka duk shekarar da farashin ɗanyen mai ya faɗi, ko aka kasa haƙo gangar da aka yi hasashe, a kansa ake cike giɓin. A 2022, a lissafin Bankin Duniya, biyan bashi ya cinye kusan kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A irin wannan shekara kusan duk buhun simintin da aka zuba a aikin gwamnati da rance aka saye shi. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta amince da hakan, domin ta ce a ci bashi don manyan ayyuka da raya ɗan Adam kawai. Matsalar ita ce an daɗe ana cin bashin don biyan albashi da tallafin mai, har abin da gwamnati ta karɓa daga Babban Banki ya kai tiriliyan 22.7, wanda majalisa ta mayar da shi bashi na dogon zango a watan Mayun 2023.

Ko da kuɗin yana nan, tafiyarsa daga takarda zuwa wurin aiki doguwa ce. Bayan sa hannu, sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin saki, sai ofishin Babban Akanta ya tabbatar da cewa akwai tsabar kuɗi a bayan izinin. Ma'aikatar da ke da aikin za ta tallata kwangila, ta jira masu nema, ta tantance su. Idan aikin babba ne sai ya bi ta hukumar sa ido kan kwangiloli ta BPP, sannan ya je Majalisar Zartarwa. Daga nan a ba ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami ya kwashi kayan aiki zuwa fili. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da za a ce ba shi da amfani, an kafa su ne don toshe sata. Amma suna cin watanni, ga kuma wani mai hukunci da ba ya cikin dokar kwangila, wato damina. Aikin ƙasa, cikon hanya da daddaɓe ta, ba ya yiwuwa yadda ya kamata cikin ruwan Yuli da Agusta. An sa hannu a kasafin 2016 a watan Mayu, na 2017 a watan Yuni, na 2018 ranar 20 ga Yuni. Kasafin da ya fito a Yuni, kafin a gama tantance 'yan kwangila shekara ta kusa ƙarewa. Shi ya sa dawo da kasafi kan tsarin Janairu zuwa Disamba, da aka yi lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a na 2020 tun a Disambar 2019, ya kasance gyara na gaske. Yawan ƙara wa'adin da ake yi yanzu yana warware wannan gyaran a hankali.

Sai dai a ganina jinkiri ba shi ne babban ciwon ba. Babban ciwon shi ne yadda ake raba ɗan abin da ya rage.

Kowace shekara Ofishin Kasafi yakan gaya wa kowace ma'aikata iyakar abin da za ta iya nema. Ma'aikatar tana da tsofaffin ayyuka ɗaruruwa da ba a gama ba, ga sabbin da minista yake so, ga na gwamnoni da sarakuna da 'yan majalisa da suka zo kamun ƙafa. Cire aiki daga jerin yana nufin faɗa da wani babba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ba kowane aiki ɗan abin taɓawa, kowa ya ga sunan garinsu a littafin kasafi ya yi shiru. A ɗauki misali: titin da kwangilarsa ta kai biliyan 30, aka ware masa miliyan 500 a shekara. Ko da an saki kuɗin gaba ɗaya, kuma farashi bai motsa ba, shekara 60 zai ɗauka. Alhali ba a cika sakinsa gaba ɗaya ba, farashi kuma ba ya tsayawa.

Duk mai bin hanyoyin ƙasar nan ya san yadda wannan lissafi yake a ido. An kankare tsohuwar kwalta, an zuba jar ƙasa kilomita uku, an karkatar da motoci zuwa hannu ɗaya. Ga kwalbati an zuba rabinta, rodi ya miƙe tsirara yana tsatsa. Gireda ɗaya tana ajiye a gefen hanya, tayarta ta sace, mai gadi ya kafa rumfa a inuwarta. Ɗan kwangila ya ci iya kuɗin da aka ba shi ya janye ma'aikatansa. Damina ta zo ta kwashe jar ƙasar ta cike magudanar da ita. Baɗi idan an saki wani abu, rabinsa zai tafi wajen maido da aikin inda ya tsaya bara. Ko da ba a saci sisi ba, kuɗin ya narke. Direban da ke bin hanyar kuwa ya fi shan wuya fiye da lokacin da ba a taɓa ta ba.

Wannan ba sabon labari ba ne. A 2011 kwamitin da fadar shugaban ƙasa ta kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya miƙa wa Shugaba Jonathan rahoto cewa akwai ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba, kuma ana buƙatar naira tiriliyan 7.78 don gama su. Kasafin ƙasar baki ɗaya a wannan shekarar bai kai tiriliyan 5 ba. Abin da hankali zai bayar bayan irin wannan rahoto shi ne a rufe ƙofar sabbin ayyuka, a jera tsofaffin, a soke waɗanda ba su da amfani a fili kowa ya sani, a gama sauran ɗaya bayan ɗaya. Ba a yi ba. Bayan shekara goma sha biyu, Ministan Ayyuka David Umahi ya ce ya gaji ayyuka fiye da 2,000 a ma'aikatarsa kaɗai.

A nan ne maganar majalisa take shigowa. Masu sauraron rediyo ba su manta rigimar cushen kasafi ta 2016 ba, lokacin da Abdulmumin Jibrin ya zargi shugabannin Majalisar Wakilai. A 2018, yayin sa hannu, Buhari ya koka cewa 'yan majalisa sun zaftare naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700 da ɓangaren zartarwa ya kawo, suka saka nasu guda 6,403 na biliyan 578. A Maris ɗin 2024 Majalisar Dattawa ta dakatar da Sanata Abdul Ningi bayan hirarsa da Sashen Hausa na BBC, inda ya ce akwai tiriliyan 3.7 a kasafin da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. A 2025 ƙungiyar BudgIT mai bibiyar kasafi ta ce ta ƙirga ayyuka 11,122 na tiriliyan 6.93 da aka ƙara a majalisa.

Ya kamata a yi wa 'yan majalisar adalci. Hujjarsu ita ce jami'in da ke zaune a ofis a Abuja bai san cewa wani ƙauye a Yobe ko Zamfara ba shi da ruwan sha ba, su kuwa sun sani, kuma su ne jama'a za su tare a hanya. Akwai gaskiya a nan, kuma tsarin mulki ya ba su ikon amincewa da kasafi. Amma a duba irin aikin da ake sakawa da yadda ake saka shi. Yawanci a makonnin ƙarshe yake shiga, babu zane, babu awon ƙasa, babu ƙiyasin injiniya, adadin kuwa cikakken lamba ne da aka yanka da ka. Sau da yawa ana ajiye shi a ƙarƙashin hukumar da ba ruwanta da irin aikin, sai ka ga cibiyar binciken noma an ɗora mata kafa fitilun titi masu amfani da hasken rana a wata jiha mai nisa. Mafi muni, babu wanda ya tambayi wa zai riƙe shi bayan an gama. An gina ɗakin shan magani da kuɗin tarayya, amma ɗaukar ma'aikaciyar jinya da sayen magani aikin jiha ne da ƙaramar hukuma, su kuwa ba a shawarce su ba. Ginin yana nan da fentinsa da allon sunan wanda ya kawo shi, ƙofa a garƙame, awaki suna kwana a baranda. Kuɗin da aka yi shi da su kuwa daga babban titi ko layin wutar da zai amfani jihohi uku aka yanko su. A 2019 Buhari ya faɗa a taron hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC cewa an ware kusan tiriliyan ɗaya ga ayyukan mazaɓu cikin shekara goma, ba tare da an ga tasirinsa a rayuwar talaka ba.

Titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano ya nuna wata fuskar matsalar, domin shi ba a yi masa rowar kulawa ba. An ba kamfanin Julius Berger kwangilarsa a Disambar 2017 kan kusan naira biliyan 155, tsawon kilomita 375, da niyyar gamawa cikin shekara uku. An saka shi cikin ayyukan asusu na musamman da hukumar zuba jarin ƙasa ta NSIA ke riƙewa, tare da titin Legas zuwa Ibadan da gada ta biyu ta Kogin Neja, har aka zuba wa ukun dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020. Duk da haka a 2021 Majalisar Zartarwa ta sauya aikin daga gyara zuwa sake gini ɗungurungum, kuɗin ya tashi zuwa kusan biliyan 797. Abin tambaya shi ne, yaya aka yi ba a gano tun farko cewa titin ya wuce gyara ba? Amsar tana cikin al'adar ba da kwangila kafin a gama bincike da zane, saboda ana sauri a aza harsashi. An buɗe ɓangaren Kaduna zuwa Kano a Mayun 2023. Na Abuja zuwa Kaduna ya ja baya, sai janye tallafin mai da sakin naira a tsakiyar 2023 suka riske shi. Dalar da ake saya a wajen naira 460 ta haura 1,500, kwalta da man dizal da kayan gyaran injina duk suka bi ta. Gwamnati da kamfanin suka kasa daidaitawa kan sabon farashi, aka soke kwangilar wannan ɓangaren a Nuwambar 2024, aka ba wani. Duk shekarar da aiki ya ƙara a buɗe, yana ƙara zama a bakin hauhawar farashi da canjin gwamnati. Matafiyan wannan hanya kuma sun san abin da ramuka da tafiyar hawainiya suka jawo musu a shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabe ta.

Ba wai ƙasar ba ta da tsare-tsare ba ne. Tun daga tsarin raya ƙasa na farko na 1962 zuwa 1968, wanda ya haifar da madatsar Kainji, ba a taɓa rasa kundi ba. An yi na biyu da na uku da na huɗu, an yi Vision 2010, NEEDS, Vision 20:2020, sai na 2021 zuwa 2025 da ya yi hasashen zuba tiriliyan 348.1, mafi yawansa daga 'yan kasuwa. Dokar 2007 ma ta wajabta tsarin kashe kuɗi na shekara uku-uku kafin kowane kasafi. Abin da babu shi ne ƙofa tsakanin kundin da kasafin, wadda aiki ba zai wuce ba sai ya nuna zanensa, cikakken kuɗinsa, amfaninsa da inda kuɗin riƙe shi zai fito. Koriya ta Kudu ta kafa irin wannan ƙofa a 1999: duk babban aiki sai wata cibiya da ba ta ƙarƙashin ma'aikatar da ke nemansa ta auna shi, kuma an mayar da ayyuka da dama baya ta wannan hanya. Rashinta a nan ne ya ba mu kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, da aka fara a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, aka ce ya kai kashi 98 tun a shekarun 1990, har yau bai narkar da ƙarfen da aka gina shi dominsa ba, alhali ana biyan albashi a cikinsa. Shi ne kuma ya ba mu aikin tashar wutar Mambilla mai megawat 3,050, da aka amince da kwangilar dala biliyan 5.79 a kansa a 2017, amma tsohuwar kwangilar 2003 ta ja shi zuwa kotun sasanci a Faransa.

Akwai kuma abin da kasafinmu ya fi mantawa da shi, wato ranar da ta biyo bayan yanke ƙyalle. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo tana cikin ayyukan gwamnati mafi albarka a Arewa. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa daga ruwanta suke. Amma shekaru aka yi ba a yashe hanyoyin ruwan yadda ya kamata ba, yashi da kacalla suka toshe su, manomin da ke ƙarshen layi ya daina samun ruwa. Daga ƙarshe sai da aka ciwo bashin dala miliyan 495 daga Bankin Duniya a 2014 don farfaɗo da noman rani a nan da kwarin Haɗeja da Bakolori da wasu wurare. Gyaran da za a riƙa yi da kuɗi kaɗan duk shekara ya koma bashin dala. Madatsar Alau kuwa ba ta jira ba. A Satumbar 2024 ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri, ya shiga asibitin koyarwa da kasuwa da gidan yari, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Ta taɓa yin haka a 1994. Bayan ɓarnar ne gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta.

Dalilin wannan sakaci a bayyane yake. Kuɗin kula da kadara yana faɗawa ne cikin kuɗin gudanarwa, wanda kowa ke kira a rage, alhali sabon gini yana faɗawa cikin manyan ayyuka, wanda kowa ke tafa wa. Gwamnan da ya ce kashi 70 na kasafinsa na manyan ayyuka ne zai sha yabo a jarida, babu mai tambayarsa nawa ya ware don gyaran rufin makarantun da ke akwai. Ba a kuma kiran makaɗa don an yashe magudana. An kafa hukumar FERMA a 2002 don gyaran titunan tarayya, Buhari ya sa hannu a umarnin kula da gine-ginen gwamnati a 2022, amma duk wannan ba zai yi nisa ba muddin ma'aikata ba ta riƙe cikakken lissafin abin da ta mallaka, shekarunsa, da halin da yake ciki. Wanda bai san rijiyoyin burtsatse nawa yake da su ba, ba zai iya yin kasafin gyaran famfunansu ba.

Abin da ya yi aiki a 'yan shekarun nan yana da kama ɗaya. Sukuk, wato takardun bashi marasa kuɗin ruwa, da Ofishin Kula da Bashi ya fara sayarwa a 2017, na naira biliyan 100, an ɗaure shi da tituna 25 da aka ambata da suna a shiyyoyi shida, kuma ba a biyan ɗan kwangila sai an auna aikin da ya yi. Tsarin sukuk ɗin ne da kansa ya tilasta hakan, domin dole kuɗin ya tsaya a kan kadarar da ake gani. Gada ta biyu ta Neja, da aka yi shekaru ana kamfe da ita, an gama ta ne bayan an cire ta daga rabon shekara-shekara an ba ta asusunta. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da tashar wutar Zungeru mai megawat 700 sun tsaya da ƙafarsu saboda rancen China ya zo da sunansu a jiki. Darasin ba wai a fitar da komai daga kasafi ba ne, domin kuɗin da ke yawo a wajen kasafi ya fi wuyar bibiya, kuma bashin sai an biya. Darasin shi ne aiki yana kammaluwa idan an san kuɗinsa gaba ɗaya tun ranar farko kuma aka hana kowa taɓa shi. Babu abin da ya hana kasafin kansa yin haka, in ban da son rai.

Da wannan ma'aunin nake kallon titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba mai kilomita 700 da na Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068. Ba na musun amfaninsu, musamman na Sakkwato da zai ratsa ƙasar noma. Tambayata ita ce daga wane aljihu za a gama su, kuma waɗanne tsofaffin ayyuka ne za su ƙara jira saboda su. Jihohi ma, da rabonsu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun bayan janye tallafi, tambayar ta hau kansu. Mutanen Kano sun ga yadda titunan kilomita biyar da aka fara a ƙananan hukumomi zamanin Kwankwaso suka tsaya a wurare da dama bayan canjin gwamnati, sai bayan 2023 aka koma kansu da farashin yau.

Da za a ba ni zaɓin gyara ɗaya, zan ce a wajabta wa kowace ma'aikata ta buga shafi guda tare da kasafinta: sunan kowane aikin da ke hannu, shekarar da aka fara shi, kuɗinsa na farko da na yanzu, abin da aka biya, abin da ake bin gwamnati, da shekarar da zai ƙare idan aka ci gaba da ba shi abin da ake ba shi. Sannan doka ta hana shigar da sabon aiki, daga minista ya fito ko daga ɗan majalisa, sai an fara cike buƙatar waɗanda suka haura rabi. Bayanan nan duk suna cikin fayil-fayil na ma'aikatun, kuma dokar 2007 ta riga ta ɗora wa Ofishin Kasafi buga rahoton aiwatarwa duk wata uku. Waɗanda za su ƙi wannan gyara su ne masu cin moriyar aza harsashi, kuma da yawansu suna zaune a kwamitocin da kudirin zai bi ta hannunsu.